Layin Kekuna a Watan Janairu

Danja ta tsayar da mu, na zuge gilashi na leƙa ƙasa. Tsohuwar nan ce dai a kan kekenta, a tsakiyar hanyar motoci, ta tare mini gaba tun daga gada.

"Iya, ba ga layinku na kekuna can ba? Da ni ne magajin gari, da tuni doka ta tilasta muku bin sa."

Ta janye gyalen sanyi daga bakinta. "To nuna mini shi, ɗana. Idona ya yi rauni."

Na miƙa hannu dama, sai hannun ya tsaya cak. Tudun dusar ƙanƙara ne ya kai ƙugu, har iyakar ganina. Shekara sha tara ina share titunan Minneapolis, kullum shebur ɗin gaban motata gefen dama yake tura ƙanƙara. Ni na binne layin da safen nan.

Washegari na roƙi a ba ni ƙaramar motar share ƙanƙara mai shiga layin kekuna. Ina cikin share layin na duba madubi, ga tsohuwar tana bin sawuna, kekuna bakwai a bayanta, tana buga mini ƙararrawa in ƙara sauri.