Layar da ke Cikin Kambu

Maiwada baduku yana liƙa dunduniyar wani takalmi lokacin da mota ta tsaya a ƙofar shagonsa da ke unguwar Ulaisha, bayan la'asar. Bai ɗaga kai ba. Shekara talatin a Riyad ta koya masa cewa mai buƙata shi zai shigo.

Kusa da gwangwanin gam akwai tsohuwar wayarsa, wadda aka ɗaure da roba. Maƙwabta sun yi masa tsiya har sun gaji, ya ƙi canza ta, ya ƙi canza lamba. Ita ce lambar da 'yarsa Ikilima ta haddace kafin ta bi iyayen gidanta ƙasar waje aikin raino, shekara goma sha biyu ke nan. Da farko tana kira, daga baya shiru. Shi kuwa ya daina kuka, ya daina tambaya, cajin wayar ne kawai bai daina ba.

Saidou ne ya shigo, direba ɗan Damagaram, bayansa wata 'yar Japan gajeruwa cikin abaya, rungume da jaka.

"Baba Maiwada, uwar ɗakina ce, Madam Sachiyo. Mijinta injiniya ne. Aiki ta kawo, amma a rufe ƙofa tukuna."

Ta zaro wata ƙatuwar ɗamara ta baƙar fata mai farantan ƙarfe, ta shimfiɗa a kan tebur da hannu biyu kamar mai kwantar da jariri. Tana magana da Turanci, Saidou yana mayarwa.

Kambun kokawar mata ne, in ji ta, na wani ƙaramin kamfani da ta taɓa riƙewa a Osaka. Mata takwas suka ɗaura shi. Ta bi sunayensu da ke jikin farantan da yatsa: ta farko 'yar mai sayar da kifi ce, ta uku ta ci shi da karyayyen hanci, ta biyar ta mayar da shi don za ta yi aure. Maiwada yana jin su kamar labaran rediyon maƙwabci. Mata su tuɓe suna dukan juna a gaban jama'a, har a ba su tukwici? Duniya da faɗi take.

Ta takwas ce ta sa muryar matar ta yi ƙasa. Baƙuwa ce, ba 'yar ƙasar ba, kullum fuskarta a rufe da ƙyalle, suna kiranta Iskar Yashi. A wurin motsa jiki suka tsince ta tana shara, ta ɗaga abin da maza biyu suka kasa. Shekara biyu kambun yana hannunta. Abin da ya sa ake cika zaure dominta shi ne tsallenta: takan hau can ƙololuwar ƙarfen da ke kusurwar dandalin kokawa, inda ba wadda ta taɓa yarda ta hau, ta shafi ƙugunta, ta faɗo a kan abokiyar karawa. An yi mata faɗa, likita ya gargaɗe ta, sai ta yi dariya ta ce ita ba abin da zai same ta.

A shekarar 2009 ta faɗo a kan wuyanta, ta rasu. Aka binne ta a maƙabartar Musulmi, ba a san inda danginta suke ba. Daga nan kamfanin ya rufe.

Madam Sachiyo ta juya kambun. Fatar ciki ta ɓare a gefe guda, ga wani ɗan ƙunshin jar fata a maƙale, bai fi akwatin ashana ba.

"Ni na gani na ce mata wannan aikin mutanenmu ne," in ji Saidou, yana waiwayen ƙofa. "Laya ce, Baba. Madam ta ce a ƙugu yarinyar take ɗaurawa in za ta yi wasa, in ta sauko ta cusa a nan. Na faɗa wa Madam mushkila ce babba a garin nan. In hukuma ta gani sihiri za a ce, iƙamata da taka, takardun zamanmu a ƙasar nan, duk sun tafi."

Maiwada ya san wannan fiye da shi. A Maraɗi ɗinkin layu ya gada, amma tun da ya sauka ƙasar nan ko takardar malami ba ya yarda ta kwana a shagonsa.

Ya ɗauki layar da hannun hagu, hannun da yake ɗinki da shi. Koren zare ne, ɗinkin ya karkata hagu, ƙulli biyu a kusurwa. Ya daɗe yana kallo. Bai ji komai ba, sai dai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki da ta yi masa nisa.

"Tana rubuta tarihin kambun ne," in ji Saidou. "Yarinyar ta ce mata wani babban malami ne ya rubuta abin da ke ciki, wai ƙarfe ba ya cin mai ita, ƙasa ba ta karya shi. Shi ne take so ka farke ka karanta mata, ka mayar yadda yake. Ko nawa ne za ta biya."

"Ba a buɗewa," in ji Maiwada.

"Baba, don Allah. Tun daga unguwar Malaz muka zo."

"Na ce ba a buɗewa. Halas, magana ta ƙare."

Ya mayar da layar inda take, ya zare allura, ya ɗinke fatar tsaf, bai karɓi ko riyal ɗaya ba. Matar ta rusuna sau uku, idonta da ƙwalla, suka fita.

Ya zauna. Ya jawo wayar, ya cire robar, ya zare batirin ya ajiye kusa da gam. Aka kira magariba bai motsa ba.

Ba ya buƙatar farke layar kafin ya san abin da ke ciki. Ranar da Ikilima za ta tafi tana kuka tana roƙon kariya, tsoron hukuma ya hana shi zuwa wurin kowane malami, sai ya naɗe guntun kwalin takalmi wanda babu ko harafi ɗaya a jikinsa, ya ɗinke da koren zare, ya ce mata ba abin da zai same ta.