Ɗigon Lallen Inna

Inna ba ta iya karanta lamba ba, sai ta ɗiga lalle a gilashin rediyonmu, daidai inda tasharmu take. Ranar da Baba ya aiko daga ci-rani cewa mu saurari gaisuwarsa a rediyo da la'asar, ni kuwa na kankare ɗigon tas, wai ina goge datti, na kuma murɗe tashar.

La'asar ta yi, rediyo sai shuuu. Na fashe da kuka.

Inna ta ɗora hannunta mai ƙanshin daddawa a kan nawa. "Murɗa a hankali, 'yar nan. Ai kunnenmu bai goge ba."

Ƙarshen gaisuwar kawai muka riska: "...da 'yar autata a Bauranya."

Ni ce 'yar autar. Sunan Inna kuwa ya riga ya wuce. Har ta rasu ba ta taɓa tayar da maganar ba. Allah ya jiƙan Inna.