Mafarauci Mai Turare

Ƙamshin turaren ne ya fara tayar wa Buford Tillery hankali. Baƙon ya sauko daga mota cikin kayan farauta sababbi fil, ya miƙo hannu, sai ga ƙamshi kamar na mai zuwa coci. Ko yaro a bakin kogin Tombigbee ya san barewa tana jin warin sabulu tun daga tsallaken fadama.

Sunansa Cleon Wingate, dattijo ne baƙar fata, daga birnin Detroit mai nisa; shi kuwa Buford farar fata ne. Ya ce yana son hayar dajin Buford shekara guda cur: barewa da kaka, agwagin ruwa da sanyi, talotalon dawa da bazara. Bai yi ciniki ba. Bai kuma tambayi inda naman yake kwana ba, alhali da wannan tambayar kowane mai haya yake farawa tun kafin ya zauna.

Buford ya ba shi makullin ƙofar shinge, amma da ƙyar hannunsa ya sake shi. Wannan ƙofa ba a buɗe wa kowa ita. Masu kamun kifi, masu neman itace, har wasu 'yan coci da suka taɓa zuwa da wata doguwar magana, duk karnuka ne suka yi musu rakiya. Yana da dalilinsa. Takardun filin da ke gangaren rafi ba su da tsabta tun zamanin kakansa, kuma tsoron da ya tsufa da shi ke nan, kada wata rana wani lauya mai wayo ya yanke masa wurin.

"Hanyar rafi tana da rikici," in ji Buford. "Tsaya in kwatanta maka."

"Kada ka wahala, yallaɓai. Zan gane."

Buford yana tsaye yana kallo motar ta karya kwanar tsohuwar rijiya, wadda ciyawa ta rufe tuntuni, ko birki bai taka ba.

Kaka ta zo ta wuce. Duk Asabar Cleon zai shiga da doguwar jakar bindiga a kafaɗa, ya fito da yamma gwiwoyin wandonsa duk ƙasa. Buford yana baranda ya kasa kunne, amma ko sau ɗaya bai ji harbi ba. Da sanyi ya shigo agwagi suka cika fadama har suna hana mutum barcin safe, shi kuwa mai hayar ko takalmin shiga ruwa bai saya ba.

"Wataƙila bai iya harbin ba ne," in ji Lurleen, matar Buford.

"Wanda bai iya ba ai shi ya fi kowa ɓarin harsashi. Ke dai ki bar ni da shi."

Da Kirsimeti Cleon ya kawo musu wainar dankali mai zaƙi da ya gasa da hannunsa. Loma ɗaya Buford ya yi, ya ajiye cokali. Rabonsa da wannan ɗanɗano tun zamanin Ozella, mai girkin gidansu, wadda ta riƙe shi bayan mahaifiyarsa ta rasu, ta yi masa wanka, ta yi masa duka, ta share masa hawaye. Yana can wajen aikin soja ta mutu, bai san inda aka binne ta ba. Kewarta ta taso masa, sai ya ture farantin.

"Da zaƙi yake so ya saye ni," ya ce.

Da bazara ta kama, talotalo suna ta kiran mata a daji, haƙurin Buford ya ƙare. Ya bari sai ranar da motar ba ta nan, ya bi sawun tayoyinta. Sawun bai nufi inda nama yake ba. Kai tsaye ya gangara filin rafi, wurin da Buford ya fi tsoro.

A ƙarƙashin wasu tsofaffin itatuwa an sare ƙaya, an share ƙasa tas. Ga duwatsu a jere, kowanne an shafa masa farin fenti, an kuma ja igiya daga wannan turke zuwa wancan. Buford ya ja ya tsaya. Ya sha ganin aikin masu awon ƙasa, ya san yadda suke kafa alamar iyaka. Ashe ba bindiga ce a jakar nan ba, kayan awo ne, kuma shi da hannunsa ya ba su makulli.

Ya tsinke igiyar. Ya rungumi dutsen da ya fi kowanne girma da kyan fenti, ya jijjiga shi har ya tumɓuke, ya mirgina shi cikin rafi. Ruwa ya haɗiye shi.

Ranar Asabar ya riga Cleon zuwa, ya zauna a kan kututture da bindigarsa a cinya. Cleon ya iso da farar riga a ƙarƙashin ta farauta, ƙamshin nan yana gabansa. Yana shiga inuwar itatuwan ya cire hularsa. Sai idonsa ya faɗa kan ramin da dutsen ya bari, ya tsaya cak.

"Ajiye mini makullina ka fita," in ji Buford. "Ka je ka gaya wa lauyanka na tumɓuke iyakarsa. 'Yan gidan Tillery ne kaɗai suka taɓa zama a ƙasar nan, kuma taku ɗaya ba za ku samu ba."

Cleon ya sauke jakarsa daga kafaɗa. Ya durƙusa, ya zuge jakar bindigar. Fartanya ce a ciki, da gwangwanin fenti, da damin furanni. Ya ɗauki furannin ya kwantar a bakin ramin.

"Ba ƙasarka nake so ba, Mista Buford. Mun zo da 'yan cocinmu mun roƙe ka ka bar mu mu gyara kaburburan mutanenmu, ka sakar mana karnuka, shi ya sa na zama mafarauci." Ya shafa ƙasar da tafin hannunsa. "Dutsen da ka jefa a rafi, a kan kabarin Ozella yake. Ni ta haifa, kai ta goya."