Gyaɗa a Hular Baba

Yanzu da na fara iya riƙe alƙalami da furfurata, wannan la'asar nake so in fara rubutawa, don ko yaushe na tuna ta sai na yi murmushi.

A shekarun tamanin ne. Babana yana cikin masu haƙa rami a ƙarƙashin titin jirgin ƙasa kusa da Sabon Tasha, za a wuce da bututun ruwa. Sai ramin ya ɓulle ɗaya gefen za a sallame su, mu tafi ƙauye wurin Kaka yin Kirsimeti.

Ran nan ya dawo gida yana ƙanshin ɗanyar jar ƙasa, na tare shi a ƙofa. "Baba, yaushe za ku gama?"

"Ni ma ban san abin da ke gaban digata ba," in ji shi. Ya cire hularsa, ya zuba soyayyar gyaɗa a ciki da 'yan tsakuwoyi. "Gyaɗa ƙasa ce mai laushi, tsakuwa dutse. Rufe ido ka ɗauko."

Na ɗauko gyaɗa. Na sake, gyaɗa ce. "Za mu je ke nan!"

"Da alama dai. Tsakuwa na ciki fa."

Na yi ta ɗauka ina jefawa a baki, har Mama ta leƙa hular. "Maigida, ɗanka ya cinye ƙasar, ya bar maka dutse zalla!"

Baba ya yi dariya har da tari, ya shafa kaina. "Je ka gwada sabuwar rigarka. In mun ɓulle, Kaka ta gani. In dutse ne, ka sa min ita a nan."