Ranar da Baba Ya Kwance Igiya

Ina da shekara tara Baba ya fara kiwon wata dabba da ake kira alfaka a bayan garin Upper Marlboro, can ƙasar waje, don sayar da gashinta. Guda ɗaya ya saya, mai dogon wuya kamar ɗan raƙumi, ya ɗaure ta a turke irin na ragon layya. Kwana uku ta ƙi cin komai.

Rana ta uku bayan azahar, Baba ya gwada ciyawa, sannan dusa, sannan kanwa. Ta kau da kai.

Ya ce, "In ta mutu, kiwo ya ƙare."

Mama ta ce, "Alhaji, ba ciwo ba ne, kaɗaici ne. Haka na yi shekarata ta farko da barin gida, a garin Greenbelt."

"Ke ma kanwa na ba ki?"

"Maƙwabciya na samu, na fara cin abinci."

Baba ya kwance igiyar, ya tayar da mota. Bayan la'asar ya dawo da wasu biyu. Suka shinshina juna, sannan tamu ta sunkuya ta cika baki da ciyawa. Har tsalle na yi.

Yau garken yana hannuna. Dokata ta farko ita ce, ba na sayar wa kowa guda ɗaya.