Izinin Marigayi

Egungun, dodon Yarbawa, ya tsaya a ƙofar gidan Abeke, lulluɓe da yaduka tun daga kai har ƙafa. Marigayi surukinta ne ya dawo duba iyalinsa. Duk garin Iseyin babu wanda ya isa ya ce mutum ne a ciki.

Abeke ta zube kan gwiwoyinta.

"Baba, kana raye ka rantse jikarka Morenike sai ta yi karatun jinya. Ga takardar shiga makaranta ta fito, ɗanka Adisa ya ce ba inda za ta."

Makaɗan da ke biye da shi suka tsaya cak. Egungun ya yi tari, tarin mijinta Adisa da ta shekara ashirin tana ji a ɗakinta.

"Ko mutuwa ta mantar da kai, Baba?"

Jama'a suka zuba ido. Can Egungun ya yi gurnani: "Na yarda, ta tafi!"

Da yamma Adisa ya shigo yana huci, ya tarar ana ɗaure akwatin Morenike.

"Ke! Ni za ki tozarta a gaban mutane?"

"Kai kuma, Baban Morenike? Ba Ibadan ka ce ka tafi tun safe ba?" Ta miƙa masa ruwa. "Babanka ne ya ba da izini. In ba ka yarda ba, je ka same shi."