Kofin Inna

Kofin ruwan da Inna ta miƙa masa na hannunsa, amma ya kasa kai shi baki.

Makon jiya ya yi nasara a Kotun Ƙoli. Shi ne lauyan kamfanin rini, shi ya tsaya gaban alƙalai ya nace cewa rafin garinsu bai gurɓata ba, kotu kuwa ta wanke kamfanin. Yau ya zo gaida mahaifiyarsa, ruwan gorarsa na ɓoye a mota.

"Sha mana," in ji ta. "Na rafi ne. Tun da na ji muryarka a rediyo na daina wahalar zuwa famfon bayan gari."

Wani maiƙo shuɗi-shuɗi na yawo a saman ruwan.

"Inna, ai maganar kotu daban..."

"Daban da me? Maƙwabta suka yi ta cewa an saye ka. Na ce ɗana bai taɓa yi mini ƙarya ba. Na ɗebo na sha a gabansu."

Tari ya sarƙe ta, ta goge baki da gefen mayafi. Sannan ta tallafo gindin kofin, kamar yadda take yi masa yana ƙarami, ta kai masa baki.